Shekarar da Bilki Ta Miƙa Sanda da Hagu

Na gode wa Allah da ya bar mini hankalina cif, ko da yake idanun sun fara ja da baya. Ranar sunan ɗan ɗan'uwanku Habibu ina kishingiɗe a ɗaki, kuna tsakar gida kuna tsammanin barci nake yi, na ji kuna ba matanku labarin yayarku Bilki. Kuka ce wai Iya, mahaifiyata, ita ta hana ta amfani da hannun hagu tun tana ƙarama, ni kuwa na zo na ƙwato ta ranar wasannin makaranta. Har da wani a cikinku yana kwaikwayon muryata ana ta dariya, kuma na gane ko wane ne, kada ya ɗauka ya sha. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, wa ke ƙin a yabe shi? Amma labarin ba haka yake ba, Iya kuwa tana ƙasa, ba ta da bakin kare kanta. To ga yadda aka yi, ku karanta ku gyara kafin jikokina su haddace ƙarya.

A shekarun nan da gwamnati ta tare a Abuja, Suleja ta cika ta batse. Duk ma'aikacin da bai samu gida a can ba sai ya gangaro nan ya kama haya, da asuba ya bi bas ya tafi aiki, da yamma ya dawo a gajiye. Ni a lokacin shagona shi ne zauren gidanmu na unguwar Magajiya, keken ɗinki biyu da teburin yanka, kuma aiki ya same ni har ina juya wasu. Kanawa, Zagezagi, Sakkwatawa, kowa yana son kaftani mai kyau na zuwa ofis da babbar riga ta Juma'a. Na yi suna, kuma sunan ya ɗan hau mini kai. Dama can ni mutum ne mai saurin fushi, kun sani, ba sai na tsaya ina rantsuwa ba. Abin da na fi tsana a duniya a lokacin shi ne baƙo ya raina ni a ƙofar gidan ubana.

Bilki bahaguwa aka haife ta. Tun tana rarrafe, in an miƙa mata abu hagu take kaiwa. Iya ce ta fara lura, kuma abin da ta yi bai wuce abin da kowace tsohuwa za ta yi ba. In an zo cin abinci sai ta zaunar da ita kusa da ita, ta riƙe hannun hagun a kan cinyarta tana yi mata wasa, har yarinyar ta saba ci da dama. Ta koya mata gaisuwa da dama, da karɓar abu daga babba da dama. Daga nan ta ƙyale ta. In Bilki tana shara ko tana wasan 'yar carafke da hagu, Iya ko kallo ba ta yi. Yarinya ce mai surutu a lokacin, ta cika gida da waƙe-waƙe, har mahaifiyarku takan ce ta yi mana shiru mu ji da kunnenmu.

Tana da shekara shida wani babban ma'aikaci ya zo karɓar rigarsa. Hannuna yana kan aiki, sai na ce wa Bilki ta ɗauko rigar nan a kan tebur ta ba Alhaji. Ta ɗauko da murnarta, ta miƙa masa da hagu. Mutumin nan ya janye hannunsa ya bar ta tsaye da riga a sama, ga mutane uku zaune a benci suna kallo. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Tela, ɗinkinka dai ya yi. Saura tarbiyya."

Ban san lokacin da na ɗauki sandar awo ba, wannan doguwar ta katako da nake gwada yadi da ita. Na sauke mata ita a bayan hannu, sau biyu, da ƙarfi. Na ce daga yau in na ƙara ganin ta miƙa wa wani mahaluki wani abu da wannan hannun, sai na karya shi. Rigar ta faɗi ƙasa. Ba ta yi kuka a nan ba, ta sunkuya ta ɗauka da dama ta ba shi, ta shige gida. Ni ne na yi wannan, ba Iya ba. Iya tana can ciki tana tankaɗe, ba ta ma san abin da ya faru ba sai da ta ga hannun ya kumbura, kuma ranar ba ta amsa gaisuwata ta yamma ba.

Ban tsaya nan ba. Na sa mata ido, a shara, a ɗaukar buta, a rubutu. Na je har makaranta na gaya wa malamin ajinsu kada ya bar ta ta riƙe fensir da hagu. Yarinya ta koma tafiya da hannun hagunta a bayanta, ko ta damƙe gefen rigarta da shi, kamar wadda ta ɗauko abin da ba nata ba. Surutun ya ɗauke. Rubutunta da dama ya zama abin tausayi, kafin ta gama kwafe layi biyu an goge allo. Aka maimaita mata aji uku. Da ta kai aji biyar kusan kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, mahaifiyarku ta yi ta lallashi, ni in yi ta faɗa. A raina na riga na yanke cewa ba ta da kan boko, in ta gama firamare shi ke nan, ta zauna a gida ta koyi sa maɓalli da kalmasa. Na ma faɗa wa mahaifiyarku haka, ta tashi ta bar mini ɗakin, wanda a wurinta hakan yana nufin ba ta yarda ba.

Ana nan cikin bazara, mangwaro ya fara nuna, sai ga wata mata ta yi sallama a shago. Doguwa ce, baƙa, da usur rataye a wuya, ga takalmin gudu a ƙafa. Ta ce sunanta Malama Ladi, ita ce mai kula da wasanni a makarantar su Bilki. 'Yar garin Garam ce, Hausarta da ɗan gargada irin ta mutanen can, amma ba ta jin tsoron magana. Ta ce an kusa gasar wasanni da ake yi tsakanin gidajen makaranta, ja da kore da shuɗi da rawaya, abin da yara ke kira inta-haus, kuma ita ce uwar gidan kore. Iyaye da yawa sun ƙi barin 'ya'yansu mata su yi gudu da gajeren siket, don haka tana so in ɗinka musu dogon wando da riga mai sauka har gwiwa, ba mai ɗaure ƙafa ba. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Har ta juya za ta fita sai ta ce, af, ai na san Bilki tana cikin masu gudun, ko? Na yi dariya. Na ce wace Bilkin, tawa da ko amsa sallama sai an matsa mata? Ta ce in zo in gani.

Washegari bayan la'asar na ɗauki tef da littafin awo na tafi filin makarantar. Na ba Malama tef tana auna yaran, ni ina rubutawa. Da aka gama ta ce in ɗan tsaya. Ta bayyana mini gudun da za su yi. Yara huɗu ne, kowace ta tsaya a wurinta a kewayen fili, sanda ɗaya ce tal, guntun gora da aka shafa wa koren fenti. Ta farko ta ruga ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta miƙa wa ta uku, haka har ta huɗu ta kai ƙarshe, kuma ana miƙawar ne ana cikin gudu, ba a tsayawa. Don kada su taka juna, ta farko tana riƙewa da dama ta sa a hagun ta biyu, ta biyu ta ruga da ita a hagu ta sa a daman ta uku. Ta farko Zainab ce, 'yar wani Bakano ma'aikacin Abuja. Ta uku Ngozi, ubanta yana sayar da kayan gyaran mota, suna zaune a unguwar Kwamba. Ta huɗu Asabe, 'yar ƙanwar Malamar, wadda ta fi kowa gudu a makarantar. Ta biyu kuwa Bilki.

Ina tsaye a gindin wata bishiyar darbejiya, ba ta lura na tsaya ba. Abin da na fara gani ba gudu ba ne. Ngozi ta faɗi wata magana da karyayyiyar Hausarta, sai na ga 'yata ta tuntsire da dariya har tana dafa gwiwa. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba, har na manta yadda take. Aka busa usur. Zainab ta taho, Bilki ta fara gudu tana kallon gaba, ta miƙa hannun hagu baya ba tare da ta waiwaya ba, sanda ta faɗa ciki kamar dama can wurinta ne. Sannan ta cilla. Wallahi ban san jinina yana da irin wannan gudun ba, ni da ko bas ban taɓa kamawa da gudu ba. Sai da ta zo dab da Ngozi na ga ta rage, ta kawo hannun dama ta karɓe sandar daga hagu, ta karkata jiki tana neman miƙawa da dama. Kafaɗunsu suka haɗu, sanda ta faɗi tana birgima a ƙasa.

Na zaci za su rufe ta da faɗa. Asabe ta taho daga can ƙarshen fili ta ɗauki sandar ta kaɗe ta, Ngozi ta kama hannun hagun Bilki ta ɗaga tana nuna mata, tana cewa wannan, wannan za ki ba ni, ba na jin haushi. Suka sake, aka sake yin haka. Sau huɗu ina kallo, sau uku sanda tana faɗuwa. A na ƙarshe ne Bilki ta ɗago ta hango ni, nan take hannun ya koma bayanta.

Malama Ladi ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta ce tun da take koyar da gudun nan ba ta taɓa ganin yarinyar da ke karɓar sanda kamar Bilki ba, amma miƙawa ta gagara. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, a ƙarshe yarinyar ta gaya mata cewa Baba ya hana. Ta ce wurin ta huɗu, inda ba a miƙa wa kowa, na Asabe ne, ba za ta taɓa shi ba. Tana iya mai da Bilki ta farko ta riƙe da dama, amma ta gwada, usur na firgita ta, kullum ita ce ƙarshen tashi. Saura mako biyu, in abin bai gyaru ba dole ta sa wata, don sauran ukun ma 'ya'yan mutane ne, sun sha wahala. Ta ƙara da cewa tun da aka fara atisayen nan Bilki ba ta yi fashin makaranta ko sau ɗaya ba, ko na lura? Ban lura ba. Maimakon in ji kunya sai na hau ta da faɗa. Na ce mu a gidanmu ba a miƙa wa mutum abu da hagu, ba kuma wata sandar gora ce za ta rushe mini tarbiyyar shekara biyar ba. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce in na gama kayan za ta zo ta karɓa.

Na dawo gida ina huci, na wuce wurin Iya kai tsaye, don na tabbata a nan zan samu mai goya mini baya. Tana zaune a kan tabarma tana yanka kuɓewa. Na kwashe labari na gaya mata, har da ƙarin gishiri. Ba ta ɗago ba sai da ta gama da wadda ke hannunta. Ta tambaye ni, in ina ɗinki, da wane hannu nake tura yadi ƙarƙashin allura? Na ce da hagu mana. Ta ce to rigunan da manyan mutane ke sawa su je masallaci, ashe duk hagu ce ta tura su. Na fara cewa ai wannan daban, ta ɗaga mini wuƙar kuɓewa.

"Ni ci da sha na koya mata, da gaisuwa, da girmama na gaba. Sauran kai ka ƙara, kuma ba don Allah ka ƙara ba, don wani baƙo ya ba ka kunya ne. Ka huce a kan yarinya, shekara biyar ba ka gama hucewa ba."

Ina da shekara kusan arba'in a lokacin, da gemuna da 'ya'yana, amma na fita daga gabanta kamar an tsoma ni a ruwa. Na koma kan keke na ɗauko koren yadin nan na fara ɗinka wandunan. Duk tsawon yammacin ina kallon hannuna na hagu yana lallaɓa yadi, yana juya shi, yana gyara kalmasa, aikin da yake yi mini shekara ashirin ban taɓa ce masa sannu ba. Na san Iya ta yi gaskiya. Amma girman kai bai bar ni na furta ba.

Kwana biyu bayan haka yaran suka fara zuwa gidanmu. Asabe ce ta kawo shawarar, wai tunda a gida abin ya samo asali, a gida za a gyara shi. Bayan la'asar sai su taru a dogon lungun nan na bayan gida, Iya ta sa a fitar mata da kujera 'yar tsugunne ta zauna a bakin ƙofa, ita ce alƙali. Tsohuwar da ba ta taɓa taka makarantar boko ba, sai ga ta tana ce wa Zainab ta daina waiwaye, tana ce wa Ngozi ta buɗe tafin hannu sosai. Takan dafa musu ɗanwake, Ngozi ta ci tana hawayen yaji tana neman ƙari. Iya ta kira Bilki ta ce mata, ƙawata, na ba ki izini, wannan sanda ce ba tuwo ba, ki miƙa da hagu. Bilki ta ce to. Aka ruga, ta zo gab da Ngozi, hannun dama ya sake zuwa ya karɓe. Ina jin su daga shago, ƙarar gorar nan in ta faɗi a ƙasa har cikin kaina nake jin ta.

Mahaifiyarku ce ta same ni ta ce in daina wahalar da tsohuwa, ba ita ta ɗaure yarinyar ba, ba kuma ita za ta kwance ta ba. Na ce na ji. Na kira Bilki shago, ina yanka wani yadi, ko kallonta ban yi sosai ba, na ce ta riƙa yin yadda Malama ta ce. Ta ce to, Baba. Sai bayan ta fita na lura ashe sandar awo tana hannuna duk lokacin da nake maganar, kuma ita take kallo, ba ni ba. Washegari ba abin da ya canja.

Mako biyun suka cika. Malama Ladi ta gaya wa yaran za ta sa wata yarinya 'yar aji shida a wurin Bilki. Abin da ya biyo baya daga bakin Malamar na ji shi, ranar da ta zo karɓar kaya. Ta ce su ukun suka same ta a ofis, Asabe a gaba, suka ce in an cire Bilki su ma a nemi wasu. Ta ce musu za su iya zuwa na ƙarshe a gaban iyayensu da dukan gari. Zainab ta ce sun sani, sun yarda. Malama ta dube ni ta ce ita kam ta rasa yadda za ta yi da su, ta bar su. Na duƙar da kai ina ninke wanduna. 'Ya'yan mutane, Bakanuwa da 'yar Kwamba da 'yar Garam, sun yarda su sha kunya saboda 'yata, ni ubanta na kasa buɗe baki in yi magana ɗaya yadda ya kamata. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ranar gasar ta faɗo ranar Alhamis, ga ɗinkin Juma'a jibge a gabana, har da rigar wani Alhaji da na yi wa alkawari. Na rufe shago na tafi. Alhajin nan bai ƙara kawo mini ɗinki ba har ya bar garin, Allah ya ba shi wanda ya fi ni. Fili ya cika maƙil, an zana layuka da farar ƙasa, an kafa rumfa an jera wa manya kujeru, lasifika na ta ƙara, masu rake da masu ƙanƙara suna ta ciniki. An kewaye wurin gudun da igiya. Maƙwabta da abokan sallata suna can wajen rumfa, suka yafito ni, na ɗaga musu hannu na wuce. Na je na tsaya daidai inda Ngozi take jira, inda sandar ta saba faɗuwa. Ban shirya komai ba, ban san me na je yi a wurin ba. Na dai ga ɗinkina ya zauna a jikin yaran, na ce ko ba komai wannan ya yi.

Aka busa usur. Zainab ta tashi da kyau, ta iso ta uku a cikin huɗu. Bilki ta karɓa yadda ta saba, ta wuce 'yar gidan shuɗi, ta kamo 'yar gidan ja, fili ya ɗauki ihu. Tana tahowa ina ganin fuskarta sosai, har ta hango ni. Na ga gudun ya fara raguwa, na ga hannun dama ya taso yana nufar sandar. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na tsallake igiya, hulata ta faɗi, na ɗaga hannuna na hagu sama na ƙwala ihu da muryar da ban san ina da ita ba.

"Bilki, da hagu! Ni na ce! Miƙa mata da hagu!"

Hannun dama ya koma. Ta miƙe hagun gaba ɗaya ta danna sandar a tafin Ngozi, har na ji ƙarar haɗuwarsu. Ngozi ta wuce kamar an harba ta. Wani malami ya riƙo ni ta baya yana cewa Malam ka fita daga fili, za ka sa a kore su. Na koma bayan igiya ba hula, babbar rigata ta karkace, mutanen unguwa suna ta dariya suna nuna ni. Na kai shekara ana tsokanata da wannan a majalisa, in na zo wucewa sai wani ya ɗaga hannu ya ce da hagu, Tela. Ban taɓa jin haushi ba, ni da ƙaramar magana ke tayar wa hankali.

Ba su zo na ɗaya ba, wannan ma ku gyara, don na ji kuna cewa sun ci kofi. Asabe ta yi iya yinta, 'yar gidan ja ta riga ta da taki ɗaya ko biyu. Na biyu suka zo. Amma da kun ga yadda su huɗun suka rungume juna suka zube a ƙasa suna ihu, da kun rantse su suka ci. Aka ba kowace farantin roba da littafin rubutu. Bilki ta kawo mini nata, ta durƙusa ta miƙa da dama, yadda Iya ta koya mata. Hannun hagun kuwa yana gefenta a sake, yana riƙe da hulata da ta tsinto mini.

Ba zan ce daga ranar ta zama ta ɗaya a aji ba. Rubutu ya riga ya zauna a dama, har yau in ta rubuto mini saƙo sai na nemi mai fassara. Amma ciwon cikin safe ya tafi bai dawo ba. Yaran nan huɗu suka ci gaba da haɗuwa a gidanmu, in ba gudu to karatu, Ngozi na koya mata lissafi, ita tana gyara wa Ngozi Hausa, Iya na tsakiya tana raba gardama. Da aka yi jarrabawar shiga sakandare Bilki ta ci, kuma maganar zama a gida sa maɓalli ban ƙara tayar da ita ba, mahaifiyarku ma ta yi mini kara ba ta tuna mini ba. Shi ya sa ku duka da kuka taso ban hana kowa fili ba, har Habibu da ya yi ta fasa mini gilashin taga da ƙwallo. Na ga abin da yaro ke samu in an sa shi cikin 'yan'uwansa aka ce ga abu ɗaya ku kai shi tare. Yana koyon jiran wani, yana koyon cewa in ya yar wani zai ɗauka ya kaɗe ya ba shi su sake. Ni a shago ban koya wa yayarku wannan ba, a wurin yara uku da Malama Ladi ta samu. Sandar awon tana nan bayan ƙofar zaure, tun daga shekarar ba ta ƙara taɓa komai ba sai yadi.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Shekara ta bi shekara, ta yi karatun jinya, ta yi aure, ta haifi nata, ina ta cewa sai an samu lokaci. Bara da ta zo hutu ta same ni a zaure ina fama da allura, maɓallin rigata ya cire, na fi minti goma ina neman kafar allurar ban gani ba, ina ta masifa ni kaɗai. Ta zauna kusa da ni ta karɓa, ta lashi bakin zaren, ta zura shi tashi ɗaya da hagu. Da ta miƙo mini sai na riƙe hannun. Na ce mata wannan hannun na doka ba da hakki ba, ranar rigar Alhaji, kuma na daɗe ina so in roƙe ta gafara. Ta yi dariya, irin dariyar nan da na ji a gindin darbejiya, ko da yake idonta ya kawo ruwa.

"Haba Baba. Ai ka roƙa tun a fili, ba hula, duk Suleja ta ji."

Ta karɓe rigar daga cinyata ta sa mini maɓallin da kanta.